Dala Ɗari

Mushe Lawali ya rubuta a allo:
"Ku koya wa na'ura faɗin lamba da kalmomi."
Na yi dariya a raina.
Ni da nake ƙirga canji tun ban yi wayo ba?

Ma'azu ya zaɓi wasan canki-canki,
na'ura ta ɓoye lamba, kai ka lalubo.
Fassuma ta ce littafin adashe za ta gina,
don kada kwasar wata ta sake shiga ta wata.
Wani yaro daga Karkada yana lissafin jarkokin ga-ruwa.
Ni na ɗauki mai sauƙi, a ganina.

Ɗaya zuwa goma, lafiya lau.
Na jera su kamar tumatir a faranti.
Sha ɗaya, sha biyu, muna tafe,
sai na buga biyu da sifili,
ta ce mini: goma sha goma.
Ba ta yi ƙarya ba.
Abin da na faɗa mata ta maimaita,
ko kunya babu.

Na koya mata ashirin, talatin, har tis'in.
Na nuna mata inda "sha" yake sauka
"da" ya hau.
Dare uku ina farautar waƙafi guda
da ya ɓace mini a layi na arba'in da bakwai.
Ran da na kama shi wuta ta ɗauke,
ban adana ba.
Na fita na zauna kan dutsen bayan gidanmu a Birni,
dutsen yana mayar da zafin rana cikin ƙashina,
na sake ginin a ka.

Ran Alhamis na saka ta a waya,
na hau kabu-kabu zuwa Kasuwar Dole,
rumfar Inna Harira mai tattasai.
Na ce, Inna, dubi abin da na ƙera.
Na buga biyar da sifili biyu.
Na karanta mata: ɗari biyar.

Ta kunce bakin zane, ta zaro kuɗin,
ta ɗora bisa mudu.
"Wannan?
Wannan dala ɗari ce, ɗan nan.
Wa ya koya wa abin naka ƙirga?"

Na buga dubu. Ta ce jika.
Na buga goma sha tara,
ta ce ashirin ba ɗaya,
haka uwarta ke faɗa, kuma ba a taɓa cutar ta ba.
Mai albasa na kusa har ya riƙe ciki.

A nan, tsakanin buhuna, ina atishawa,
na buɗe aikin.
Raba da biyar.
Abin da ya saura a kira shi tamma.
In dala ta cika ɗari biyu, a ɗaure ta jika.
Layi shida ne kacal,
amma ba a allon Mushe na same su ba.

Dubu biyu da ɗari bakwai da hamsin:
jika biyu da dala ɗari da hamsin.
Inna ta lumshe ido, leɓenta na motsi,
ta ce, "To. Ya fara hankali."

Saura guda da ke damuna.
In na buga sifili kaɗai
na'urar shiru take yi,
farin fili, ba ko harafi.
Na ce, Inna, ranar da ba ki sayar da komai ba,
nawa kike cewa kin samu?

Ta kore ƙuda daga bakin buhu.
"Ba a faɗin wannan da lamba.
Cewa ake, gobe ma kasuwa ce."

Haka na rubuta.
Mushe Lawali ya ja jan layi a ƙarƙashi,
ya daɗe yana kallo,
bai rage mini maki ba.